Mai Tsiren Bakin Fili

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya ranar Laraba da hantsi. Yayan mahaifiyata ne, mai tsiren bakin filin ƙwallo na Ruwais. Aka yi masa salla bayan la'asar, muka kai shi, muka dawo muka jera kujeru a lungu kamar yadda ake zaman makoki a nan Jidda, kwana uku tsakanin magariba da lisha. Kujera arba'in na ce a kawo. Matarsa ta aiko daga cikin gida wai in ƙara, na ce ai mai tsire ne ya rasu, ba wani attajiri ba. Kafin a kira lisha lungun ya cika, mutane har kan dakalin maƙwabta.

Akwai waɗanda na san za su zo. Bayamane, mutumin Yaman mai gasa burodi, wanda suka haɗa katanga shekara talatin, ya zo ya zauna, gahawa ma ya ƙi karɓa. Akwai waɗanda ban zata ba. Wani tsoho magoyin bayan nadin, wato ƙungiyar ƙwallon, da muke hamayya da shi, wanda suka shekara ashirin suna yi wa juna tsiya da Kawu ta saman kan jama'a, ya kama hannuna ya ƙi saki, yana tambayata da wa zai yi faɗa ranar Juma'a. Tsofaffin 'yan wasa sun zo da tumbinsu da furfurarsu, kowa da labarin shekarar da Kawu ya ce a kore shi ko a bar shi. Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na shiga gaishe ta cewa ta yi manyan nadi sun huta, yanzu ko gurgu suka sa a raga ba mai tanka musu. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Wanda ya fi kowa kuka wani ƙaton mutum ne, Bahaushen Sudan, direban babbar mota a Khumra. Matasa suka riƙa tambaya ko ɗan marigayin ne. Ba ɗansa ba ne. Shi ne wanda aka ba wurina na mai tsaron raga shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma Kawu ne ya tashi a gaban jama'a ya ce a ba shi. Na yi shekara guda ban gaishe da Kawu ba a kan wannan magana. Bayan mun shirya kuma na yi shekara goma sha ɗaya ban iya buɗe baki na ce masa ya yi gaskiya ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, da kuma 'ya'yanmu da ke jin Hausa amma ba sa iya mayarwa. Ina so su san irin mutumin da suka riƙa karɓar tsire a hannunsa.

Kawu bai taɓa buga ƙwallo ba. Yana ƙarami aka taho da shi a ƙasa daga ƙasar Katsina, shekara shida suna hanya, damuna ta yi a tsaya a yi noma, a girbe a tashi, har suka ƙetare teku. A hanyar ne raƙumi ya take masa ƙafar hagu, ya tashi yana ɗingishi. Umma a nan aka haife ta. Da ya girma ya yi ga-ruwa, ya yi dako a tashar jirgin ruwa, daga baya ya kafa tukuba. Ciniki kawai ya kai shi bakin fili, ya ga inda jama'a ke taruwa da la'asar ya bi su da nama da ƙuli-ƙuli. Shi da bakinsa ya ce shekarar farko bai ma san wace raga ce tamu ba. A shekara ta uku kuwa aka fara samun tsire yana ƙonewa, don mai shi ya juya wa wuta baya yana koya wa alƙalin wasa aikinsa.

Nadinmu, wato ƙungiyarmu ta ƙwallo, ba babba ba ne, amma yana biyan 'yan wasa ɗan abin da ba a rasa ba, yana kuma sama musu aiki. Saboda haka sunan mutum a jerin 'yan wasa abincinsa ne. Idan kakar wasa ta kai rabi akan yi hutu, manya su zauna su sake duba jerin, a sauke wasu a ɗauko wasu, a liƙa takarda a ƙofar nadi. Wannan hutun shi ne damunar Kawu. Takardar sai an karanta masa, amma kafin a liƙa ta ya riga ya fitar da tasa. Yakan share toka a gefen tukuba ya kafa tsinkaye goma sha ɗaya, kowane tsinke da mai shi, ya zare wannan, ya matsar da wancan, yana bayani da Hausa yana cikewa da Larabci. Masu saye suna tsaye suna haɗiyar miyau, ba mai samun nama sai an gama da 'yan baya.

Abin da ya fi tsana shi ne a kori mutum don ya ɓata wasa biyu. Yakan ce shi a sana'arsa in tsinke ya fara baƙi janye shi yake yi daga wuta ya huce, su kuwa manyan nadi ba su san janyewa ba, yarwa kawai suka iya. Shekarar da aka sallami tsohon kyaftin a tsakiyar kaka, bayan mutumin ya yi wa nadi shekara goma, Kawu ya rufe tukuba Juma'a biyu. Ya zo fili, ya zauna a kan kujerarsa, ya naɗe hannu. Jama'a suka yi kallo bakinsu a bushe, suka fara gunaguni, a Juma'a ta uku aka ji an dawo da kyaftin yana kula da kayan wasa.

Ba kullum yake dacewa ba. An taɓa ɗauko wani siririn matashi a sa shi a gaba, Kawu ya ce iskar teku za ta ɗauke shi kafin a juya, ya ƙi ma ya ba shi tsinke a cikin toka, sai ya kafa tsinken tsintsiya a wurinsa. Matashin nan ya riƙa zura ƙwallo kamar an aiko shi. Kawu ya tara mutane, ya zare tsinken tsintsiyar a gabansu, ya kafa wanda ya fi kauri, ya ce ya yi kuskure. Daga ranar duk Juma'ar da ɗan wasan ya ci ƙwallo, tsirensa na hanta yana ajiye a gefen wuta. Yakan ce kuskure ba ya ba shi kunya, dagewa a kai ne abin kunya. Na sha jin wannan maganar, ina dariya tare da kowa, ban san da ni ake ba.

Ni na shiga nadi ina da shekara sha tara, na tsare raga shekara bakwai. Ba yabon kai ba, na iya, kuma na san na iya, abin da ya ɓata ni ke nan. Filinmu ba agogo. Kawu na da ɗaya, wani alhaji ɗan Kano ya bar masa, yana ɗaure da shi a saman gwiwar hannu don kada maiƙo ya taɓa. Tukubarsa tana daidai tsakiyar fili daga gefe. In wasa ya zo ƙarshe sai ya ɗebi tsire ya baza a hannu ya ɗaga, tsinke biyar minti biyar, uku minti uku. Ni kuma daga raga in ɗaga yatsu daidai da abin da na gani, sannan in sanar da 'yan baya. Duk fili an san wannan tsakanina da shi ne, ina kuma jin daɗinsa fiye da yadda nake nunawa.

A wasa na uku na kakata ta ƙarshe a raga na fito in kama ƙwallo, gwiwar wani ta same ni a idon dama. Na tashi na ci gaba. Kumburi ya sace cikin mako guda, amma wani hazo ya zauna ya ƙi tafiya. Idon hagu kuwa dama tun ina ƙarami ciwo ya rage masa ƙarfi, 'yan gida kaɗai suka sani. Ƙwallon ƙasa ina kamawa. Wadda ta taso daga nesa ta sama, sai ta iso kaina nake ganinta. Aka zura min irin wannan har huɗu a wasa biyar. Na ɗora wa rana, na ɗora wa 'yan baya, na ɗora wa alƙali. Tsinkayen Kawu ma na daina rarrabe su, sai dai in ga hannu ya tashi, in ƙiyasta, in ɗaga yatsu. Ban gaya wa kowa ba, ko matata, don tsoro nake ji. Ban iya komai ba sai tsaron raga, aikin da nake yi a sito ma nadi ne ya sama min.

Hutun waccan shekarar ya faɗo a cikin azumi. A goman ƙarshe labari ya fito cewa mudarrib, mai horar da mu, yana so a cire sunana a ɗauko wani matashi daga gidan Hausawan Sudan, mai dako a tashar jirgin ruwa. Za a liƙa takarda bayan salla. Unguwa ta ɗauki zafi, aka ce za a wulaƙanta ɗan gida don baƙo. To, muna da al'ada. Ranar uku ga salla magoya baya sukan tafi gaisuwa gidan ra'isin nadi, wato shugabansa, dattijo ɗaya ya yi magana a madadin kowa, kuma abin da dattijo ya roƙa a gaisuwar salla ba a mayar masa da shi. Kowa ya ce Kawu. Umma da kanta ta wanke masa riga ta goge. Ba wanda ya tambaye shi me zai ce, kuskurenmu ke nan, don a wurinmu ba a tambayar kawu ko yana bayan ɗan ƙanwarsa.

Shi kam ya tambaye ni. Ranar biyu ga salla ya same ni a ƙofar gida ya ce idona lafiya, na ce lafiya lau. Ya sake tambaya, na sake ba shi amsar. Ya ce in shirya ya raka ni wurin likita, na ce sai an gama kaka. Ya dube ni ya daɗe, ya ce tayyib, shi ke nan, ya juya yana ɗingishi.

Washegari da hantsi muka cika majalisin ra'is, mun fi mutum talatin. Aka zagaya da gahawa da alawa. Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe, ya yi magana da Larabci, sannan ya maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba.

"Ya ra'is, wannan da ke zaune ɗan ƙanwata ne, a hannuna aka raɗa masa suna. An aiko ni in roƙa a bar shi a raga. Ba zan roƙa ba. Mudarrib ya yi daidai, ɗan Sudan ya tsare raga. Roƙona biyu ne. Kada a cire sunansa daga nadi, a bar shi ya koya wa sabon abin da ya sani. Sannan a kai shi wurin likitan ido, don yaron nan ba ya gani."

Na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Na tashi ban yi sallama ba, na fita na zura takalmi na kama hanya, sai da na isa gida na ga ba nawa ba ne, har yau ban san na wa na ɗauko ba. Ra'is ya amsa roƙon biyu, tunda ranar salla ce, bai da yadda zai yi.

Kawu ya sha a kan wannan. Umma ta daina aika masa tuwon Juma'a. Magoya baya suka ƙaurace wa tukuba, wasu suna wucewa suna cewa ga wanda ya sayar da ɗan ƙanwarsa. Makonni yana komawa gida da nama. Bai fasa zuwa fili ba, bai kuma yi wa kowa bayani ba. Ranar da ɗan Sudan ya fara tsaron raga aka yi ta yi masa ihu tun kafin a busa. Kawu ya bar wutarsa ya zagaya bayan raga ya tsaya, yana gaya masa da Hausa ya fito, ya koma, ya bar wannan ta wuce. Haka ya yi masa har ƙarshen kaka. Mutumin da matasa ke tambaya ko ɗansa ne, abin da yake tunawa ke nan.

Likita kuwa na je, don ra'is ya aiko a kai ni, ba don na so ba. Ya leƙa idon ya ce wani abu ya yage a ciki, in aka sake buga min sau ɗaya shi ke nan sai duhu. Aka yi min aiki, na kwanta mako uku, na tashi da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Da Umma ta ji abin da likita ya ce, ranar ta tuƙa tuwo ta ɗauka da kanta zuwa gidan yayanta. Ni ban sauko ba. Raga ba ita ce ta fi ci min rai ba, faɗar da ya yi a gaban mutane ce. In na hango hayaƙin tukuba sai in bi ta wancan gefen. Ina koya wa ɗan Sudan aiki kamar yadda aka ce, ya kuma fi ni tsalle, ko da yake ban faɗa ba.

Shekara ta zagayo matata ta haifi ɗanmu na fari. Ranar suna da sassafe na fito, sai ga Kawu a ƙofar gida ya riga ya tara ƙasa ya hura wuta, ba wanda ya gayyace shi. Na durƙusa na ce Kawu ina kwana. Ya ce lafiya lau, ya miƙo min mafici ya ce in riƙa fifita masa. Sulhunmu ke nan gaba ɗaya. Daga nan muka shekara goma sha ɗaya muna maganar ƙafar wane da huhun wane, ba mu taɓa maganar idona ba. In an tambaye ni a waje nakan ce likita ne ya zuzuta abin, da an bar ni da na warke. Na san ƙarya nake yi, na kuma san yana jin labari.

Nadi bai sake ni ba. Na zama mai horar da masu tsaron raga, daga baya aka fara kira na zaman manya a hutun tsakiyar kaka. Kawu ya ji daɗin wannan ƙwarai, don ya samu wanda zai riƙa yi wa faɗa a gida ba sai ya jira Juma'a ba. Duk shekara sai ya ce jerinmu na makafi ne, ya kalli tabarauna, ya yi sauri ya canja magana.

Bana hutu ya zo bayan aikin hajji, Kawu kuwa yana kwance wata biyu. Ranar Litinin bayan la'asar na je duba shi da takardar da muka tsara a aljihu, saura zaman ƙarshe a liƙa. Ya rame, amma yana jin ƙarar takarda ya ce yalla, karanta. Na karanta. Da na zo kan wani ɗan baya da muka shirya saukewa, ya ɗaga hannu ya ce ban isa ba. Ya ce mutumin nan wata guda ya yi yana ɗaukar kayan alhazai daga tasha zuwa masauki, ƙafarsa ce ta gaji, a hutar da shi wasa biyu a gani. Na ce za a duba. Na dubi hannun nan da wuta ta cinye gashinsa tun ban san kaina ba, na ga in ban faɗa yau ba ba zan samu wata ranar ba.

"Kawu, waccan shekarar ba na ganin tsinkayen. Ƙiyasi nake yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta leƙo, ya ce ta koma.

"Na sani, ya waladi, ɗana. Juma'a uku ina ɗaga maka hannu ba komai a ciki, kana ɗaga min yatsu uku."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗar haka a gidan ra'is, ko a lokacin da mutane ke zaginsa yana komawa gida da nama. Magana ɗaya ce, da ya faɗe ta da ta rufe bakin kowa.

"Na ce ba ka gani. Wannan ciwo ne, Allah ke kawo shi. In na ce ka yi ƙarya, wannan naka ne, wa zai ba ka ɗansa ka koya masa?" Ya huta kaɗan. "Amma na faɗa a gaban mutane. Na nemi wata hanya ban samu ba. Ka yafe min."

Ni da na zo neman gafara, shi ya riga ni. Na cire tabarau don ba na ganin komai ta cikinsa, na ce ni zan ce haka, ya yi gaskiya, tun ranar na san ya yi gaskiya. Ya ce halas, an gama. Ya ce in sake karanta masa 'yan baya, don har yanzu bai yarda ba.

Bayan an tashi makoki, ranar Lahadi, muka yi zaman ƙarshe. Na ce a mayar da sunan ɗan bayan nan, a hutar da shi wasa biyu. Suka ce ai ni na fara kawo maganar sauke shi. Na ce haka ne, kuskure na yi. Ban taɓa faɗar wannan kalma a gaban mutane ba sai ranar, kuma ban ga ta rage ni da komai ba. An liƙa takarda jiya da sunansa a ciki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya haskaka shi, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa min nawa shekara goma sha biyu ban sani ba. Wanda ya taɓa cin tsirensa, ko ya saya ko an ba shi, ya yi masa addu'a.